Bargon da Ake Ɗorawa a Kan Igiya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya jiki, ya idon? Mu nan lafiya lau.

Wannan ce wasiƙata ta shida cikin shekara goma sha ɗaya, kuma ko ɗaya ba ka amsa ba. Ban ga laifinka ba. Ni na maƙala igiya a ƙwallon ƙarfen da ke bayan jif, na jan tirela, ranar nan da muke jan mota, bayan ka ce in sa a ƙugiyar da ke jikin ƙashin mota. Ka miƙo min bargo in ɗora a kan igiyar, na ce ɓata lokaci ne. Ƙwallon ya ɓalle, ya tafi da idonka na hagu. Na sha faɗar wannan, yau wani abu ne daban ya sa na ɗauki biro.

Ranar Talata da hantsi, bayan ruwan sama, aka kira ni wai wata ƙaramar mota ta kafe a hanyar da ke bayan ma'ajiyar siminti. Na tafi da jif ɗinmu, tana nan yadda ka bar ta, sai ƙofar baya da ba ta rufuwa sai an doka. Na tarar da motar ta nutse har rabin taya. Mai motar ma'aikaciyar jinya ce, da farar rigarta duk taɓo. Tana juyowa na gane ta. Babbar ɗiyarka ce, Yaya. Goshinka ne sak. Ita ba ta gane ni ba, ni kuma ban gaya mata ko ni waye ba.

Mutane sun cika wurin, kowa ya zama injiniya. Wani mai kiran kansa direba har ya riga ya ɗaure mata igiyar shanya a bamba. Ka ji fa! Na kwance na jefar masa da abarsa. Na ɗauko shebur na haƙe gaban tayoyin, na kwanta cikin taɓon na lalubo ƙugiyar motarta, na maƙala tawa igiyar, ɗaya bakin kuma a ƙugiyar jif. Na daidaita motocin suka miƙe a layi ɗaya. Sannan na kori kowa baya, nisan da ya fi tsawon igiyar, har da masu ɗaukar hoto da waya. Wani ya ce na cika faɗa, na ce ya matsa tukuna.

Ita na ce ta zauna a sitiyari, ta ɗaura bel, ta saki hambirki, kada ta taɓa totur sai ta ji hon ɗaya, in ta ji biyu ta tsaya. Na ɗauko bargonka mai ja da baƙi na ɗora a tsakiyar igiyar. Tun ranar nan ban ƙara jan mota ba tare da shi ba.

Na sa giyar ƙarfi, tayoyi huɗun duk suna ja, na tafi a hankali har igiyar ta miƙe. Motar ta motsa kaɗan, sai igiyar ta tsinke. Na duba ta kafin in fara, wallahi na duba, ban ga komai ba. Ta madubi na ga guntun ya zabura ya nufi gilashinta, daidai fuskarta. Nauyin bargon ya danne shi, ya faɗi cikin taɓo, bai fi taku ɗaya da bambarta ba.

Na ƙara haƙa, na sa igiyar da nake ajiyewa ƙarƙashin kujera, a ja na biyu motar ta fito. Ta yi ta godiya, tana ce min Baba. Ta tambayi sunana, na ce mai jif kawai ake ce min. Da ta tafi na zauna a motar wajen rabin awa kafin in tayar da ita. Na ji tsoro, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na san za ta ba da labari a gida, shi ya sa na ce gara ka ji daga wajena cewa igiyata ce ta tsinke. Ban ce lallai ka amsa ba. Amma ina so.

A gaida Anti da yara.

Ƙaninka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, muna lafiya, da fatan kai da iyalinka haka.

Yarinyar ta riga wasiƙar isowa. Ta ce wani dattijo mai masifa ne ya fito da ita, ya yi ta korar jama'a, ya kuma shimfiɗa wa igiya tsohon bargo mai ja da baƙi, ita har dariya abin ya ba ta. Ban gaya mata ko kai waye ba. Na shiga ɗaki.

Igiya ba a duba ta da ido kawai. In taɓo ya bushe a cikinta, ta ciki yake cin ta. Ka riƙa wankewa ka shanya a inuwa, in ta tsufa ka yanka ta gida biyu kafin ka yar, kada wani ya tsinta. Wannan ma na taɓa gaya maka.

Ka zo ranar Asabar, ita ma tana hutu, ka gaya mata sunanka da bakinka. Ka taho da bargon in gani. In ka shigo ka zauna ta damana, ta nan nake gani.

A gaida mutan gida.

Yayanka