Finjalin da Ya Tsallake Mastura

Anti Rabi'a, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa.

A unguwar Ammariyya ta Jidda aka haife ni. Iyayenmu Hausawan Sudan ne, kuma mahaifiyata Inno tana cikin waɗanda suka kafa zumuntar matan unguwarmu. Mu ke girkin suna, mu ke sanar da juna in ana neman mai aiki a gidajen masu kuɗi na unguwar Abhur, mu ke wankan gawar mace. Shigarta ba wuya: ki zo zama, in shugabarmu Hajiya Dela ta miƙa miki finjalin gahawa da hannunta, halas, shi ke nan, kin zama tamu.

Ƙanena Usuman ya auri Mastura, 'yar Katsina da ta zo umra ta zauna, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Na kai ta zama. Finjali ya zagaya ya tsallake ta, tana zaune da hannu a cinya. Na kasa haƙuri, na miƙe a gaban kowa na ce wannan wariya ce, kakanninmu ma ba da fasfo suka tsallako teku ba.

Tun ranar ba a ƙara kirana ba. An yi suna biyu, a bakin yara na ji. Aikin da aka yi mini alkawari a Abhur an ba wata. Duk wannan da sauƙi. Inno tana kwance, jiki ya ƙi, ƙawayenta sun ɗauke ƙafa, kullum tambayarta wa zai wanke ta. Maƙwabciyata ta ce in kai ƙara wurin umda, mai unguwa. In kai?

'Yar Inno, Jidda

'Yar Inno, Allah ya ba Inno lafiya.

Kada ki kai. Tambayar farko da za a yi miki ita ce wa aka ware, ta biyu ina takardunta. Za ki fita neman wa Mastura finjali, ki samo mata kujerar jirgi zuwa Kano.

Abu biyu kika haɗa, ki raba su. Ƙin karɓar Mastura bai yi kyau ba, amma zumunta ta sa-kai ce, kuma ban san hukumar da ke tilasta wa tsohuwa ta zuba gahawa a falonta ba. Ko a ƙasashen da suka yi dokar hana wariya, sau da yawa akan ɗaga wa irin waɗannan ƙungiyoyi ƙafa. Tsoron Dela ma ba ƙarya ba ne: in aka yi samame aka tarar da marar iƙama, mai gida za a fara riƙewa. Maganarki kan kakanni gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi.

Hukunta ki don kin yi magana, wannan zalunci ne. Haɗawa da tsohuwa mai jinya ya fi muni, kuma na tabbata wasu daga cikin matan sun san haka, kunyar dawowa ce ta hana su.

Ki je gidan Dela ke kaɗai, da rana, ba ranar zama ba. Ki ba ta haƙuri kan tsawar da kika yi mata cikin mutane, amma kada ki janye maganar. Kada ki roƙi komai don kanki. Ki ce mata Inno tana cigiyarta.

Ki kuma tambayi Mastura ko tana son shiga. Wasiƙarki ba ta nuna kin taɓa tambayarta ba.

Wankan gawa kuwa ba gadon wata ƙungiya ba ne. Inno ta iya. Ki sa ta koya muku, ke da Mastura, tun tana da bakin koyarwa, hankalinta zai kwanta.

Ranar da Dela ta zo dubiya, gidanku ne, gahawarku ce. Ki bar Mastura ta miƙa mata finjali.

Allah ya sassauta wa Inno, ya daidaita tsakaninku.

Anti Rabi'a