Askin Citta ya fito da Baba daga ɗaki

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na tabbata kina hutawa lafiya a wurinsa. Mu ma a nan Kafanchan muna lafiya, sai dai kewarki. Na rubuto ne in ba ki labarin Baba, da na wata baƙuwa da na kawo gidanki ban nemi izininki ba.

Tun da muka binne ki Baba ya shige ɗaki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana taka layin dogo yana duba ƙarafa, ya koma ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Ƙafafunsa suka kumbura. Likita ya ce in bai riƙa tafiya kullum ba za mu rasa shi. Na roƙa, na yi faɗa, Fasto ma ya zo ya yi nasa. Kin dai san mijinki. Tsoro ya kama ni, Mama, na ga zan binne ku biyu a shekara ɗaya.

Shi ne na ce bari in samo masa abin da zai riƙa fitar da shi yawo, na tafi Sabon Tasha wurin wata mata mai kiwon Pomeraniyan, ƙananan karnukan nan masu tarin gashi. 'Yan kwikwiyo huɗu ta nuna mini. Har hannuna ya kai kan wanda ya fi kyau, sai na tuna ki a kasuwar aladu, yadda kike wuce 'ya'yan ki ce a fito miki da uwar tukuna. Kikan ce, "In uwar tana firgita da mutane, 'ya'yan ma haka za su tashi." Na sa aka kawo uwar, ta zo tana kaɗa wutsiya. Na duba idanunsu da kunnuwansu da inda suke kwana, na ga katin allura. Sannan na tsuguna na yi shiru kamar yadda kike yi. Wata 'yar mace mai launin busasshiyar citta ta taho ta zauna a kan takalmina. Citta muke ce mata.

Baba ya kalle ta sau ɗaya ya ce a garinsu kare gadi yake yi ko farauta, wannan kuwa soson wanka ne mai haushi.

Da hanyarki na hore ta. Duk shekarunki na koyarwa a firamare ba a taɓa ganin bulala a hannunki ba. "Yaron da yake tsoronki hannunki yake kallo, ba ya jin abin da kike faɗa," haka kike gaya wa sababbin malamai. Sai na riƙa tafiya da ɗan busasshen kifi. In ta zauna da na ce ta zauna, in ba ta. Ta gama cin abinci, in fita da ita tsakar gida kafin ta ɓata mini falo. Haushi ne ya kusa ƙure ni, don ko ƙadangare ya gitta sai ta sanar da unguwa. Sau nawa na ɗaga hannu na sauke! A wurin karyar nan na san irin haƙurin da kika yi da mu, kuma na sara miki.

Da zafin Maris ya tsananta, wata rana na dawo daga aiki a garin Gidan Waya na tarar babu Baba, babu Citta. Hankalina ya tashi. Can sai ga shi tafe, rungume da wata halitta da ban gane ba. Ashe ganin ta ya yi tana haki, tausayi ya kama shi, ya kai ta wurin mai askinsa aka yi mata tal-kwabo. Na buɗe baki zan zazzage masa, sai na tuna shagon askin yana can bayan tashar jirgin ƙasa. Da ƙafarsa ya je, da ƙafarsa ya dawo.

Likitan dabbobi ya ce ba a yi wa irinsu aski, gashin ne yake kare musu fata daga rana, kuma ba lallai ya dawo yadda yake ba. Ya ce a riƙa taje shi kullum in ya fara tsirowa. Baba ya ɗauki laifin nan ya ɗora a kansa. Yanzu da sassafe yake fita da ita kafin rana ta yi zafi, su kai tasha su dawo, yana riƙe mata lema. Mutane suna dariya, ko a jikinsa. Kumburin ƙafa ya sauka.

Jiya ya buɗe akwatinki, wanda ya hana kowa taɓawa, ya ɗauko matajinki na katako. Akwai sauran furfurarki a haƙoransa. Ya zare ta a hankali, ya ajiye cikin Littafi Mai Tsarki, ya kira Citta ta hau cinyarsa. Yana taje ta yana kuka, Mama. Ko ranar jana'izarki bai yi ba.

Ubangiji ya ba ki hutu cikin salamarsa. Ya bar mana Baba ya ƙara tsufa a hannunmu, ya ba ni ko rabin haƙurinki. Sai mun sadu a gaban Yesu. Amin.

Ni ce 'yarki,
Rifkatu