Kwale-kwalen Kwarin Madaci da Aka Zuba wa Ruwa a Hoto

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Kwale-kwalen Agaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, sunana Habibu, mai ɗaukar hoto ne ni a Takur, nan Dutse. Yawancin aikina biki ne da suna da walimar sauka. Ina da ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da ake tayarwa sama ya ɗauko hoto, wanda muke kira duron. Ba a son raina nake rubuto maka a bainar jama'a ba. Na yi ta sintiri ofishinka har masinja ya daina tambayata wa nake nema. Yau a ce ka tafi taro, gobe a ce in dawo bayan azahar, in dawo in tarar da ƙofa a kulle. Na gaji, shi ya sa na biyo ta nan.

Na farko, yadda aka yi na ɗauki hotunan. A ranin bara wani jami'in kwamitinka ya kira ni, ya ce ana son hoton kwale-kwalen roba da aka raba wa ƙauyukan bakin kogi bayan ambaliya, domin a ga halin da suke ciki a nemo kuɗin gyara. Da na ji har da Kwarin Madaci sai na amsa da murna, don garin mahaifiyata ne, can na yi ƙuruciya a gidan ƙaninta, Kawu Isa, wanda shi ke fiton mutane idan kogi ya kawo.

Kwale-kwale uku na tarar a kan yashi, nesa da ruwa. Ɗaya a kife, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Ɗaya ya tsage tun daga hanci har tsakiya. Na ukun ya cika da ƙasa, har kabewa ta fito a ciki ta yi yaɗo. Kawu ya ce tun ranar da aka sauke su daga mota aka ce injinansu na tafe, har yau shiru, kuma nauyinsu ya fi ƙarfin tuƙin hannu idan ruwa na gudu. Na tayar da duron ɗina, gari ya fito kallo. Mai unguwa ya tara mutane ya shaida musu cewa ɗan Hajiya Binta ya zo daga birni, gyara na nan tafe. Rannan fura har na rasa ta gidan da zan sha.

Da na dawo shago na yi wa hotunan gyaran da kowane mai hoto ke yi. Rana ta yi musu yawa, na rage haske. Na daidaita waɗanda iska ta karkata. Na fito da tsagar nan sosai yadda ko a ƙaramar waya za a gan ta, tun da an ce don gyara ake so. Na sa sunan shagona a gefe kamar yadda na saba, na miƙa. An biya ni, ba ni da ƙorafi a kan wannan.

Na biyu, abin da aka mayar da su. Bayan wasu watanni wani abokina ya turo mini hoton wani babban ƙyalle da aka rataya a wurin taron kwamitinka. Nan take na gane aikina. Kukar da ke bakin gangare tana nan, inuwarta ma ba ta motsa ba. Amma yashin ya zama ruwa shuɗi irin wanda koginmu bai taɓa yi ba. Kabewa ta ɓace, tsaga ta ɗinke, an zaunar da wasu mutane da rigunan ruwa masu launin lemo suna dariya. Wanda ya yi aikin ya share komai, sunan shagona kaɗai ya bari.

Na samu jami'in da ya ba ni aikin. Ya ce in kwantar da hankalina, ai gyaran hoto ne, kowa na yi, ni ma ai ina ƙara wa amare haske. Gaskiya ne ina yi. Amma amarya mijinta ya san fuskarta, kuma babu wanda zai tsallaka kogi a kan hotonta.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Da damina ta kankama kogi ya raba Kwarin Madaci da titi, kamar yadda yake yi kowace shekara. Mai unguwa ya zo Dutse neman taimako. A ofishinka aka nuna masa hoton nan a waya, aka ce garinsu na da kwale-kwale uku masu aiki, akwai waɗanda suka fi su buƙata. Dattijon nan ya rantse, aka ce masa ai hoto ba ya ƙarya, kuma ga sunan ɗansu a jiki.

A cikin wannan daminar naƙuda ta kama Hajara, 'yar Kawu Isa, ta zo da gardama. Tsohon jirgin katakon Kawu na yoyo, ruwa kuma na gudu, aka yi ta jira ya lafa. Da suka ga ba sarki sai Allah suka sa ta a ciki, uban na tuƙi, mijin na kwarfe ruwa da ƙwarya. Sun kai asibiti, Hajara ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ranka ya daɗe, ban ce hoto ne ya kashe shi ba. Rai na Allah ne, kuma ko da an ba su kwale-kwale mai inji, ban san abin da aka rubuta ba. Abin da na sani shi ne sun nemi taimako a kan lokaci, aka kore su da aikin hannuna.

Da na je gaisuwa, mutanen da suka yi ta rububin ba ni fura suka riƙa amsa mini sallama a daƙile. Kawu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai dube ni ya ce, "Habibu, ashe ruwan da ka zo nema mana ke nan." Na nuna masa hotunan asali a wayata. Ya kalla, ya gyaɗa kai, ya ce ya yarda da ni, amma shi ba zai iya bin gida-gida yana nuna waya ba. Tun daga ranar mahaifiyata ba ta sake taka garinsu ba. Ko bikin 'yar ƙanwarta, aike ta yi.

Ga abin da nake roƙo. A sauke wannan hoto daga duk inda aka sa shi, a kuma rubuta wa mai unguwa cewa ba ni na canza shi ba, a karanta a ƙofar masallacin garin. Ban nemi a kori kowa ba, ba ni da ƙarfin wannan rigimar. Sannan ka tura mutum, ba jirgina ba, ba na wani ba, mutum mai ƙafa da ido, ya je ya taɓa kwale-kwalen nan da hannunsa. Kawu ya ce wanda ke kife lafiyarsa ƙalau, inji kawai yake jira. Idan ukun sun yi yawa, a tayar da wannan ɗayan.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wani da ya zo daga Kwarin Madaci shekaranjiya ya ce ya bar Kawu a bakin gangare yana narka kwalta a gwangwani, yana cusa tsumma a ramukan jirginsa. Akwai mata masu ciki a garin bana ma, kuma da wannan jirgin za su tsallaka idan ba a yi wani abu ba.

Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, ya sa ka gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Habibu mai hoto,
Takur, Dutse.