Na gida da na hanya

Assalamu alaikum ƴan'uwa na wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Makon jiya na ga ana ta ba wata baiwar Allah sunayen finafinai masu ban tausayi, shi ya ba ni ƙarfin rubutowa. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni mutuniyar Tanut ce, ban daɗe da fita takaba ba. Maigidana dillalin dabbobi ne, yana bin kasuwanni, yau Belbeji, jibi Ollelewa, har gajeruwar rashin lafiya ta ɗauke shi. Mutum ne mai barkwanci, duk unguwa ta san shi da haka. In ya dawo daga tafiya sai ya biya wurin mai tura finafinai na bakin tasha, ya cika salularsa da na ban dariya, mu zauna tsakar gida bayan la'asar muna kallo, shi ne ma yake riga ni ƙyaƙyatawa. Duk zamanmu ban taɓa ganin hawayensa ba. Ko lokacin da zazzaɓi ya ɗauke ƴarmu Nana, ita kaɗai Allah ya ba mu, ya kai ta makwancinta, ya dawo ya ce in yi haƙuri, kasuwa ta zagayo ya tafi. Na yi kukana ni kaɗai, na ce a raina haka Allah ya yi zuciyar maza.

Ranar da abokin tafiyarsa, zan kira shi Malam Isufu, ya zo yi mini gaisuwa, ya tsaya daga bakin zaure yana addu'a, sai na ji ya ce: "Allah ya jiƙansa, ban taɓa ganin namiji mai saurin kuka irinsa ba." Na ɗauka ruɗewa ce ta rashi. Amma maganar ta ƙi barina, har na tambayi matarsa, Yaya Hassana. Ta fara dariya, da ta dubi fuskata ta daina. Ta ce ashe ban sani ba? Ai kowa a tasha ya san saƙon mijina kashi biyu ne, yakan ce wa mai turawa a sa masa na gida da na hanya. Na gida su ne waɗanda nake gani. Na hanya kuwa na marayu ne, na fari da yunwa, irin waɗanda ake gamawa ba wanda ya ci riba. Su yake zaɓa, shi yake faɗa wa abokansa wanne ya fi taɓa zuciya, in kasuwa ta lafa suna jiran mota sai su zauna ƙarƙashin rumfa shi da Malam Isufu, ya ja bakin rawani ya rufe fuska.

Ta ce akwai guda da ba ya gajiya da shi, na zamanin da Nasara ke kwasar mutane aikin dole, wani uba ya dawo gida ya tarar an binne ƴarsa. In an zo wurin nan sai mijina ya riƙa kiran sunan Nana. Malam Isufu ya taɓa ce masa ya kai wa iyalinsa su kalla tare, ya ce a'a, Maman Nana ta yi kukan da ya ishe ta, ba zai kai mata ƙari ba.

Ƴan'uwa, na san ya kamata wannan magana ta sanyaya mini rai. Ba ta sanyaya ba. Kishi nake ji, kuma da namiji, mutumin kirki mai furfura wanda bai taɓa yi mini komai ba. Ni na haifi yarinyar, ni na yi jinyarta, amma hawayen ubanta a gaban wani suka zuba, tsakanin awaki da masu sayar da shayi. Ni aka bar ni da dariya. In na ji ana yabon Malam Isufu da riƙon abota ko na hango shi ta ƙofa, sai in koma ɗaki.

Da na fita takaba Yaya Hassana ta zo ta ce mijinta yana da fim ɗin a salularsa, in ina so su zo su biyu mu kalla tare, shi ya san wuraren da marigayi yake tsayar da shi. Kalmar nan ta "ya san" ita ta ɓata komai. Na ce mata ba na bukatar wani ya nuna mini mijina. Ta ce ita da alheri ta zo, kuma ba ta taɓa jin mace na kishi da abokin miji bayan miji ya mutu ba. Ta tafi ranta a ɓace, tun ranar ba ta sake shigowa ba. Innata da ta ji ta ce in yi istigfari, mijina ya raga mini baƙin ciki ni kuma ina neman sa da fitila. Ban musa mata ba, wataƙila tana da gaskiya.

Shekaranjiya na je wurin mai turawar da kaina. Ya gane ni, ya yi mini gaisuwa, ya karɓi salulata, sannan ya tambaye ni a hankali: "Hajiya, na gida ko na hanya?" Na karɓi abata na dawo ba a sa komai ba.

Abin da nake nema ke nan. In ba Yaya Hassana haƙuri, in zauna in kalli fim ɗin nan alhali mutumin da nake kishi da shi yana gefe yana nuna mini inda mijina yake kuka? Ko ku ba ni sunayen wasu masu ban tausayi, waɗanda ba ruwan kowa da su, in yi kukana ni kaɗai kamar wancan karon? Tsorona shi ne, in na zaɓi na biyu, zan mutu ban san mijina na hanya ba. Ku da kuka taɓa rashi, me zan ce wa mai turawa in na koma?