Mijina Yana So In Zama Idonsa a Kan Dutse

Anti Mazahima, don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki sakaya sunana, ko da yake duk ɗan Weligama da ya karanta wannan zai gane ni kafin ya kai ƙarshe. Garin namu ƙarami ne, baƙi ne kawai suka cika shi.

Mijina tela ne, ya haura sittin. Shagonsa na kan titin bakin teku, inda yake ɗinka wa 'yan yawon buɗe ido wandunan nan masu faɗi da na tabbata ba sa sakawa a garinsu. Ba masunci ba ne, ubansa ma ba masunci ba ne. Fatsa sha'awa ce ta kama shi tun yana saurayi, har yau ba ta sake shi ba. Duk yammacin Lahadi zai ɗauki sandarsa ta fatsa ya hau duwatsun da ke ƙarshen gaɓa, shi da amininsa Piyadasa, tsohon direban bas, mabiyin addinin Buda, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

Masu fatsa a kan dutse suna da doka guda: mutum ɗaya ba ya hawa. In ɗaya ya sunkuya yana ɗaura ƙugiya ko yana cire kifi, ɗayan ba ya ɗauke ido daga ruwa, da ya hango babbar igiya sai ya yi kira su ja da baya. Haka suka yi sama da shekara talatin. Na sha jin Piyadasa a ƙofar gidanmu yana cewa, "Tela, sunkuya abinka, ni ne idonka. In teku ta ɗauke ka, wa zai rage mini tsawon wando kyauta?"

Piyadasa ya rasu kafin azumi, a kan gadonsa, ciwon zuciya. Bayan salla mijina ya fara hawa shi kaɗai. Ran nan ya dawo a jiƙe har ƙirji, gwiwa duk ta ƙuje, wai santsi ne ya kwashe shi. Santsi ba ya jiƙa mutum har ƙirji, ni ba yarinya ba ce. Washegari na ɗauke sandar na kai gidan ƙanwata na ɓoye. Na shirya wa faɗa, har na tanadi abin da zan faɗa masa. Bai yi faɗan ba. Ya gama shan shayinsa, ya ce ɗanmu yana Doha, samarin yanzu kuma idonsu na kan waya, sannan ya dube ni ya ce, "Ki zo ki zauna a bayana ki duba mini ruwa. Ba ni da ido yanzu."

Anti, ni ya ce wa haka. Ni da ban taka rairayin teku ba tun safiyar da teku ta hau gari, shekara ashirin ke nan. A ranar ruwa ya janye can nesa, kifi yana ta tsalle a kan laka, yara suka ruga tsinta. 'Yata Rinoza tana cikinsu, shekararta shida. Sai ruwan ya dawo gaba ɗaya. Ba mu sami ko takalminta ba. Tun daga ranar ban ƙara cin kifin teku ba, ban ƙara dafa shi ba; abin da yake kamawa gidan Piyadasa yake bari. In zan je kasuwa ta titin baya nake bi. Tagar ɗakina da ke kallon ruwa a rufe take.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce na daɗe ina jin haushinsa. Ko shekara ba a yi ba ya koma dutsen. Na ce a raina wane irin uba ne wannan, da zai je yana wasa da abin da ya cinye masa 'ya. Ban taɓa furtawa ba. Na dafa masa abinci, na goge masa kaya, amma duk Lahadi ba na amsa sallamarsa da zuciya ɗaya.

Makon jiya na je sadakar wata uku ta Piyadasa. Muna kankare kwakwa a bayan gida da matarsa Somawathi, na ba ta labarin sandar, ina tsammanin za ta ce na yi daidai. Sai ta ajiye abin hannunta ta ce, "Ke kuwa, ashe bai taɓa gaya miki ba?" Ta ce dutsen da suke hawa tun bayan abin da ya faru ba shi ne ya fi kifi ba, mijinta ya sha mita a kai. Shi ne dai yake kallon daidai inda yaran suka ruga. Ta ce kafin mijina ya jefa ƙugiya sai ya yi sallama, ya kira sunan Rinoza, ya yi mata addu'a, yana ba ta labarin gida: yayanta ya yi aure, an haifi jika, mamanta tana nan lafiya. Piyadasa kuma sai ya matsa gefe ya zuba wa ruwa ido, ya yi kamar bai ji ba.

Na dawo gida ban iya kallon mijina ba. Yanzu ga ni a tsakiya. In na ba shi sandar zai hau shi kaɗai, kuma na san wata rana ba zai dawo ba. In na riƙe, na raba shi da kabarin da ya rage masa. In na ce zan je, ba na iya wuce bakin titi. Lahadi biyu ke nan yana zaune a shago a rufe, ba ya ɗinki. Yaya zan yi?

Mai Rufaffiyar Taga, Weligama

*

'Yar'uwa Mai Rufaffiyar Taga, Allah Ya ji ƙan Rinoza, Ya sa mai ceto ce. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da abin da kika yi daidai. Mutum mai shekara sittin da wani abu ba ya hawa dutsen teku shi kaɗai, kuma shi ma ya sani, shi ya sa ya roƙe ki. Tsoronki ba rashin hankali ba ne. Amma ɓoye sanda ba magani ba ne. Sandar fatsa tana nan a kowane shago a garinku. Da ya so, da ya sayi wata. Bai saya ba saboda ke yake jira. Ki ɗauko masa kayarsa da hannunki.

Shi ma yana da nasa kuskuren. Ya ɗora miki nauyin da ba za ki iya ɗauka yanzu ba. Mai duba ruwa dole ya zama wanda muryarsa za ta fito a lokacin da ake bukata, ke kuwa kin ce ba kya iya wuce bakin titi. In igiya ta taso kika daskare, an yi asara biyu. Don haka kada ki karɓi wannan aikin don tausayi. Ku nemi babban mutum cikin masu fatsa na wurin, wanda ya san dutsen. Ba za a rasa wanda ya san Piyadasa ba. Sharuɗɗanki su zama a fili: ba hawa shi kaɗai, ba hawa a watannin da iska ke haukata teku, kuma ya sa rigar nan da ke hana nutsewa ko da abokai za su yi masa dariya. Ke kuma ki nemi likitar da ke sauraron masu irin ciwonki. Shekara ashirin da rufaffiyar taga ciwo ne, kuma ana samun sauƙinsa.

Amma kafin duk wannan, ki gaya masa abin da Somawathi ta faɗa miki. Ki gaya masa haushin da kika riƙe. Kun yi shekara ashirin kuna makokin yarinya ɗaya a gida ɗaya, kowa yana zaton shi kaɗai yake yi. Ina kyautata zaton ba ido kawai yake nema ba. Mutumin da ke jin sa yana kiran sunanta ya tafi, kuma a duniya ke kaɗai kika rage da ya kamata ki ji.

Ba sai kin hau dutse ba. Ki zaɓi ranar da ruwa ya kwanta, ki bi shi iya inda ƙafarki ta yarda, ko da bakin titi ne, ku tsaya tare. Ya daɗe yana gaya mata mamanta tana nan lafiya. Wannan karon ki bari ta ji daga bakinki.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya tsare shi, Ya sanyaya muku ku duka biyun.

Anti Mazahima