Abin da Za A Yi da Ɓauna

Ni Anacleto Magsino na garin Tanauan, da hannuna nake rubuta wannan. Likita ya gaya mini abin da ya gani a huhuna. Hankalina kuwa yana nan daram, kada wani ya ce zafin ciwo ne ke magana.

Na ɗaya. Gida na 'yata Luningning ne, ita ta yi jinyar mahaifiyarku. Gonar kofi ku raba biyu, ita da ɗana Crisanto.

Na biyu. Ɓauna, motar da ke rumfar bayan gida. Ita ce ta fara fitowa daga masana'antarmu, lokacin da gwamnati ta ce sojoji da malaman gona da na asibiti su koma hawan motar gida. Inji kaɗai ake kawowa daga Japan, sauran duk aikin hannunmu ne. Ni na gwada ta a laka da duwatsun arewa. Ranar da limamin coci ya yayyafa mata ruwan albarka, Eleuterio ne ya watsa mata tsabar kuɗi, shi da ya riƙe ka a baftisma, Crisanto. A lokacin shi ke sayo wa gwamnati motoci. Ya rungume ni ya ce, "Kumpare, aminina, muddin ina kan kujerar nan, Ɓauna ba za ta kwana da yunwa ba." Shi ne daga baya ya sa hannu aka shigo da motocin waje. A jarida na gani, washegarin ranar da ya ci abinci a gidana. Masana'anta ta rufe, waɗanda na koya wa aiki suka watse, wasu har Saudiyya.

Yanzu ana gina zaure da sunan Eleuterio, yana son a kafa Ɓauna a tsakiya, a rubuta cewa shi ne ubanta.

Na uku. Crisanto, na san ka yi masa alkawarinta. Daga bakin mai fentin da ya zo duba ta na ji. Na kuma san amsarka: "Tay, babana, ninong ɗina ne fa, ubana na baftisma, da wane baki zan ce masa a'a?" Gaskiya ne, haka muka rene ka. Amma bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, ba ka tambaye ni ba. Nasa na haɗiye tuntuni. Naka ne ya tsaya mini a wuya.

Na huɗu. A kwance ta. Akwai wani ƙaramin asibiti a tsaunukan Kalinga da har yau irinta ce ke sauko da mata masu naƙuda, kayan gyara kuma sun ƙare a kasuwa. Inji, giya, sifirin, har noti, a kai musu. Kai za ka kwance ta da hannunka, Crisanto, kai kuma za ka gaya wa ninong ɗinka.

Na biyar. In Eleuterio ya zo zaman makoki, ku ba shi kujera da kofi, ku kai hannunsa goshinku yadda aka saba yi wa manya. Amma kada ya taɓa akwatin gawata. Luningning, na san bakinki. Ki kama shi ranar, kuma kada ki juya wa ƙanenki baya a kan wannan. Na yafe wa Crisanto, ko da yake sai da na yi da gaske.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Kayan nan ku kai su tare. Hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce: in ɗaya na tuƙi, dole ɗaya ya sauka yana sa dutse a bayan taya.