Sunkuyawar da Isaka Ya Mai da Sujada

Bawku, daren Talata, daminar 1991

Yau ma babu wanda ya loda mini albasa. Kwana uku ke nan, duk saboda Isaka direba.

Ranar da maigidana Ba'indiye ya miƙa mini sabuwar mota a Kumasi, ya fasa kwakwa a gaban taya, yana rera addu'arsu ga gunkinsu mai kan giwa. Wai tana kawar da cikas a sabon aiki. Ni dai na tsaya gefe ina bisimilla a zuciyata. Ruwan kwakwar ya fantsamo, na sunkuya na goge takalmina. Isaka na kallo. Shi ne ya zo tasha yana cewa na yi wa giwa sujada.

Da na nemi lodi, Alhaji Seidu, sarkin albasa, ya ce mini, "Ɗana, dakata tukuna, mutane na magana."

Isakan da na jawo daga taɓon hanyar Yendi da sarƙata bara! To, ruwa ya kankama, tayoyinsa kuma sun suɗe. In na same shi a taɓo, wallahi zan tsaya, in sauko, in sunkuya a gabansa in goge takalmina tsaf, in ja motata.